Ulun Kanti, Gashin Tumaki ko Gwanjo: Wanne Za Ki Saya Don Rigar Sanyi?

Rigar sanyi mai maɓalli a gaba, irin wadda ake ɗorawa kan atamfa da asubar hunturu, tana cin makonni kafin ta sauka daga tsinken saƙa. Idan aka yi zaɓen tumun dare wajen sayen zare, makonnin nan ne za su tafi a banza, har da ciwon kafaɗa. Don haka kafin ki shiga kasuwa ki san wanda zai sa rigar, da wanda zai riƙa wanke ta. Amsar ta biyun ita ta fi yanke hukunci.

A kasuwanninmu kowane zaren saƙa ulu ne sunansa, amma yawancin wanda ke jere a kanti akirilik ne, zaren roba da ake yi da sinadaran man fetur. Ulu na ainihi gashin tumaki ne, kuma daga waje ake kawo shi, domin tumakinmu, 'Yankasa da Uda da Balami, gashinsu gajere ne mai kauri, ba ya kaɗuwa. Sau da yawa mai shago ma bai san bambancin ba, ke ce za ki gwada. Ki ciri zare kamar tsawon yatsa, ki kunna masa ashana a kan faranti. Gashin tumaki yana warin babbaka, wutar ta mutu da kanta, tokar ta marmashe a yatsa. Akirilik yana narkewa, ya yi warin leda, ya bar baƙin ƙulli mai tauri. Auduga kuwa warin takarda take yi, da farar toka mai laushi. In har yanzu kina shakka, ki jiƙa guntun a ruwan bilic ya kwana: gashin tumaki zai narke, roba za ta kwana lafiya.

Akirilik ya fi araha, launinsa ba ya zuba, asu ba ya cinsa, kuma yana jure omo da cuɗa. Rigar yaron da za a wanke duk bayan kwana biyu, ko kyautar da za ki kai gidan suna ba ki san hannun da za ta faɗa ba, wannan shi ne zarenta. Aibinsa shi ne yana riƙe zufa, yana tara ƙananan ƙulle-ƙulle a ƙarƙashin hammata, kuma dutsen guga mai zafi yana kashe shi: saƙar ta baje, ta yi sheƙi, ba ta ƙara komawa yadda take. Akwai abin da ya fi waɗannan nauyi. Lokacin sanya rigar shi ne lokacin jin ɗumi, kuma akirilik idan ya kama wuta narkewa yake yi ya manne a fata. Yaron da ke zagayen kaskon gawayi ko murhu bai kamata a bar shi da irin wannan riga a kusa da wuta ba.

Gashin tumaki ya fi ɗumi nesa ba kusa ba, yana shan danshi har kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa ba tare da jiki ya ji jiƙa ba, kuma da wuya ya kama wuta. Mai zaune a Jos ko tsaunin Mambila, ko ɗalibin da za a tura ƙasar sanyi, shi ya kamata a saƙa masa. Sai dai duk gashin ba ɗaya ba ne. Na tumakin marino, wanda mafi yawansa daga Ostareliya yake fitowa, silinsa siriri ne, ba ya ƙaiƙayi, amma saboda laushinsa yana saurin tara ƙulle. Mai kaushi yana sukar wuya amma ya fi ƙarko. Ki goga dunƙulen a gefen wuyanki, tafin hannu ba ya gaya miki gaskiya. Wanki shi ne ajalin wannan zare: ruwan zafi da sabulu da cuɗa idan suka haɗu, silin gashin suna sarƙe juna, rigar babba ta koma ta yaro, kuma babu magani. Ana jiƙa ta ne a ruwa mai sanyi da ɗan sabulun wanke gashi, a matse a cikin tawul, a shimfiɗa ta a inuwa. In aka rataye ta a jiƙe, nauyin ruwa zai ja ta ta yi tsawo. Wanda aka rubuta wa Superwash a takarda an shafe silinsa don kada ya sarƙe, yana jure wanki, amma yana sakin jiki bayan ya sha ruwa. Idan damina ta zo, a wanke rigar kafin a ajiye, a rufe a leda da kafur, domin dattin jiki ne ke kiran asu.

Ga wadda ta rasa tudun dafawa, akwai haɗe-haɗe, kashi 20 ko 25 gashi, saura akirilik, kuma ya wadatar wa hunturun Kano ko Zariya. Auduga ba ta da ɗumi, ga nauyi, ga saki. A bar ta wa rigar ofis mai na'urar sanyaya ɗaki.

Kaurin zare ma zaɓi ne. Matsakaici, wanda ake rubuta wa DK, yana son tsinke mai milimita 4, ya ba da ido, wato madaukin zare a kan tsinke, guda 22 a faɗin santimita 10. Wanda ya fi shi kauri, Aran, yana son milimita 5, ido 18. Mai koyo ta tsaya a kan ɗaya daga cikin biyun nan. Wajen ƙirga abin da za ki saya, ki duba mita, kada ki dogara da yawan dunƙule ko giram. Rigar babbar mace a DK tana cin mita 1,200 zuwa 1,500, ta jariri 300 zuwa 400. Giram 100 na akirilik DK yakan kai mita 280 zuwa 300, wato dunƙule 5 ya isa babba. Gashin tumaki ya fi nauyi, giram 50 bai cika wuce mita 120 ba, sai ki nemi dunƙule mai giram 50 guda 11 zuwa 13. Ki ƙara ɗaya a kai, ki kuma tabbatar lambar rinin da ke jikin takardunsu iri ɗaya ce. Shuɗi biyu daga tukunya biyu a shago kamar ɗaya suke, sai an fita rana layin ya bayyana a gadon baya.

Tsinke mai waya, tsawon santimita 80, ya fi miƙaƙƙu biyu ga riga mai buɗaɗɗen gaba, don nauyin saƙar yana sauka a cinya. Ki shafa mahaɗar waya da tsinken kafin ki biya. In tana da kaifi za ta riƙa tsinke zare. Na gora yana riƙe ido, na ƙarfe yana da santsi da sauri. Ki haɗa da wani da ya gaza da rabin milimita saboda bakin hannu da ƙugu. Kuma kada ki ɗora riga sai kin saƙa gwaji mai faɗin santimita 15, kin wanke, kin auna. Ido 220 a lissafin 22 santimita 100 ne. In hannunki 20 yake bayarwa, kin saƙa 110.

Hanya ta uku, wadda a ganinmu ta fi kowace riba ga mai haƙuri, ita ce gwanjo. A Ƙofar Wambai a Kano ko Katako a Jos, da an fara buɗe dilar kayan sanyi, ana samun rigunan gashin tumaki na gaske da araha. Launi da yayi ba su ne abin dubawa ba, juya rigar za ki yi ki karanta haɗin gefe. Idan gefuna biyun lafiyayyu ne, an haɗa su da zare ɗaya mai kama da sarƙa, to kowane ɓangare an saƙa shi ne da siffarsa, zai warware ya ba ki zare mai tsawo. Idan kuwa kin ga ɗinkin da teloli ke kira wibin ya lulluɓe bakin, yanka aka yi daga babban ƙyalle, kowane layi guntu zai fito, ki mayar musu da kayansu. Ki ɗaga rigar a rana ki nemi hudar asu. Ki ja saƙar hammata: in idanun sun manne ba sa buɗewa, an riga an cuɗe ta, ba za ta warware ba. Rigar namiji babba mai launi ɗaya, marar maɓalli, ta fi ba da zare, domin hujin maɓalli a kayan inji sau da yawa yanka ne.

Ana tsinke sarƙar haɗin, a raba hannuwa da jiki, a fara warwarewa daga sama, wato inda saƙar ta ƙare. Zaren zai fito a nannaɗe kamar gashin da aka tsefe. Ki naɗe shi a bayan kujera, ki ɗaure wuri huɗu, ki jiƙa minti 30 ba cuɗa, ki rataye a inuwa ba tare da ɗaura masa dutse ba. Zaren inji siriri ne, yawanci sai an haɗa sili biyu ko uku. Don gane kaurinsa, ki naɗa shi a jikin fensir: zagaye 11 ko 12 a santimita biyu da rabi daidai yake da DK.

Idan rigar ta yi miki daidai, rufaffen gaba ne kawai ba ki so, ba sai an warware ba, ko mai wibin ce ta yi. Ki nemo layin tsakiya, ki bi kowane gefensa da ɗinkin keke sahu biyu, ƙananan taku, sannan ki sa almakashi a tsakani. A nan gashi mai kaushi ya fi, don silinsa suna kama juna. Akirilik da Superwash santsi gare su, su kam sai an yi sahu uku. Daga nan ki tsinci ido a bakin yankan don saƙa mazaunin maɓalli, ido 3 a kowane layi 4. In kika tsinta a kowane layi bakin zai yi lanƙwasa kamar ganyen latas, in kika rage da yawa zai tsuke rigar ta ɗage a gaba. Yankakken bakin a naɗe shi ciki, a rufe da ƙyallen ribon mai faɗin santimita 2, da allurar hannu.