Masu gyaran santaral na Jidda da suka gano abin da ke hana wayoyinmu rajista

Jama'a masu ofis a Makka da Jidda da Madina, musamman ku da kuke harkar masaukin alhazai da ƴan Umara, idan santaral ɗinku, wato tsarin da ke haɗa wayoyin ofis, na manhajar Asterisk ne kuma an haɗa shi da databes, wato rumbun adana bayanai, toh akwai wasu samari Hausawa da ke da ɗan shago a wajen titin Falasɗin a Jidda da nake so in yaba musu, in kuma faɗi inda suka gaza. Ba zan sa sunan shagon a nan ba, amma aikinsu ya kai a yi magana a kai.

Mu namu tsarin, saba, wato kwamfutar da santaral ɗin yake kai, tana ofishinmu na Makka, wayoyin tebur suna nan da reshen Madina da na Jidda, kowace tahawila, wato lambar waya ta cikin gida, da kalmar sirrinta suna zaune cikin databes mai suna MariaDB, Asterisk yana ɗaukowa daga can kai tsaye. Ciwon da ya addabe mu shi ne sai a wayi gari wayoyi sun ƙi rajista, wato sun kasa haɗuwa da saba, na Makka su dawo da kansu bayan ɗan lokaci, na Madina kuwa su mutu murus har sai an tada hankalin kowa, ga baƙi suna sauka ana neman direba ana neman mai ɗaki, kowa ya koma jawwal ɗinsa, wato wayar hannu, yana ƙona kati. Masu gyaran da muka kira kafin su duk maganarsu ɗaya ce, a goge saba a sake ɗora komai. Wani ma cewa ya yi mu watsar da shi mu sayi sabon akwati.

Abin da ya fara burge ni da waɗannan, muhandis ɗinsu, wato injiniyansu, bai taɓa komai ba sai da ya zauna ya kalli abin da ke wucewa tsakanin waya da saba. Ya buɗe sngrep, ya kunna pjsip set logger on, ya ce min "Alhaji ka cire wa wayar nan wuta ka mayar mu ga me za ta ce." Nan ya nuna min cewa waya tana aika saƙon neman rajista, wato REGISTER, ta ƙofa 5060, saba ta mayar mata da lambar amsa 401, kuma wannan 401 na farko ba matsala ba ce sam, haka SIP yake, wato ƙa'idar da waya da saba ke magana da ita, saba ce ke cewa kawo shaida, sai waya ta sake aikowa da shaidar sannan a ba ta 200, wato an karɓe ta. Inda ake samun matsala shi ne 401 ya yi ta maimaituwa, ko a ga 403, wato an ƙi ta, ko kuma shiru babu amsa kwata-kwata. A fuskar waya duk saƙo ɗaya take nunawa na cewa rajista ta gaza, alhali cuta uku ce daban, kamar zazzaɓi ne da za ka ga jiki ya yi zafi amma sai an gwada jini ake sanin na sauro ne ko taifot. Wallahi wannan bayanin kaɗai ya fi min duk abin da na ji a baya.

Babbar cutar tamu ga yadda suka warware ta, kuma a nan ne na san sun iya aiki. Duk lokacin da saba ta sake tashi, Asterisk yana riga MariaDB farkawa, sai wayoyi su taso gaba ɗaya suna neman rajista shi kuma ba shi da inda zai duba sunansu, sai ya rubuta No matching endpoint found a log ya yi ta mayar musu da 401 kamar baƙi ne. Bayan wasu mintuna haɗin ODBC, wato hanyar da Asterisk ke bi ya kai ga databes, ya dawo, na cikin gida su shiga lafiya. Amma kafin nan fail2ban, mai gadin da aka sa don korar masu gwada kalmar sirri, ya riga ya ƙirga gazawar nan ya ɗauka hari ne, kuma da yake wayoyin Madina duk da adireshin IP ɗaya suke fitowa sai ya toshe reshen baki ɗaya, wanda ya kafa mana tun farko kuma ya sa lokacin toshewar ya yi tsawo sosai. Shi ya sa Madina take yin shiru, saƙonsu ko isa wajen Asterisk ba ya yi. Da odbc show ya tabbatar da na farkon, da jerin waɗanda fail2ban ya toshe ya tabbatar da na biyun, ina tsaye a kansa ina gani. Gyaran kuma bai da wani yawa, ya sa systemd, mai tada manhajoji a saba, ya jira databes ta tashi kafin Asterisk, ya sa adireshin rassanmu cikin waɗanda ba a toshewa, ya ƙara max_connections a res_odbc.conf don kada wayoyi su yi layi a kan haɗi ɗaya, ya ce mu canza batirin UPS ɗinmu, na'urar da ke riƙe wuta idan an ɗauke, don ya mutu tuntuni.

Ta biyu ita ce sababbin tahawila da muke ƙarawa su ƙi shiga da 403 duk da kalmar sirri daidai take. Ashe tun da aka dawo da mu PJSIP, sabon ɓangaren Asterisk mai kula da SIP, daga tsohon chan_sip, wanda dama an cire shi gaba ɗaya a Asterisk 21 da ya fito a 2023, layi ɗaya a tebur ɗaya na databes ba ya isa. Kowace tahawila sai ta samu wuri a ps_endpoints da ps_auths da ps_aors, kuma a ps_aors ɗin idan aka bar max_contacts babu komai toh sifili ne, ma'ana ba a yarda ko waya ɗaya ta yi rajista ba. Ƴar manhajar da aka rubuta mana ta ƙara ma'aikata ba ta cike wannan gurbin. Duk mai irin wannan tsarin dan Allah ya je ya duba nan kafin ya biya kowa ko riyal ɗaya.

Cutar reshen Jidda kuwa wani saiti ne mai suna SIP ALG a rauta, na'urar da ke raba intanet, yake lalata saƙo, suka kashe shi suka kunna rewrite_contact, shikenan.

Yanzu inda ban ji daɗi ba. Lokaci ba sa riƙe shi, a ce bayan La'asar sai ka gan su bayan Isha'i, na san daga Jidda suke tahowa amma ai waya ɗaya ta isa mutum ya san halin da ake ciki. Juma'a da Asabar kuma samunsu sai an dace, ga mu harkarmu ba ta san hutu ba musamman a Ramadan da lokacin Hajji. Sannan ba su so rubuta min abin da suka canza ba sai da na matsa, na ce ya muhandis gobe idan ba ka nan wa zai gane abin da aka yi, sannan ya turo min a rubuce. Haka kuma sun so su bar ƙofar shiga daga nesa a buɗe don sauƙin aikinsu, na ce a'a, a rufe, in ana buƙata zan buɗe da kaina, kuma gaskiya bai yi musu ba ya rufe nan take.

Kuɗinsu ba arha ba ne, kuma ku tambaya tun farko ko farashin ya haɗa da dariba, wato harajin VAT, ta kashi 15 don a fatura, takardar biyan kuɗi, za ku gan ta. Amma ba su sayar min da ko na'ura ɗaya ba, sun kuma ɗauki kwafin databes kafin su taɓa ta ba tare da na roƙa ba, abin da babu wanda ya taɓa yi mana. Idan za ku kira su ku tanadi kalmar sirrin saba da ta databes da ta rauta a hannu, ku rubuta lokutan da wayoyin ke faɗuwa da reshen da abin ya shafa, sannan ku yi yarjejeniya a rubuce kan zuwan gaggawa na lokacin mausim, wato Ramadan da Hajji, tun kafin a shiga Sha'aban.