Kayan kwashe dusar ƙanƙara a ƙofar gida: wanne zaka saya, wanne zaka bari

'Yan uwa da suka shigo Kanada ko arewacin Amurka kwanan nan suka kama gida mai hanyar mota a ƙofa, da ku nake. Da an shiga Nuwamba zaka ga Canadian Tire da Home Depot da Costco sun jera shebur da buhunan gishiri da injuna tun daga bakin ƙofa, sai mutum ya rasa na ɗauka, wani ya je ya kinkimo ƙaton inji alhali hanyar gidansa mota ɗaya take ci, wani kuma ya tsaya a shebur ɗin roba guda ɗaya alhali a Buffalo yake zaune inda dusa ke iya binne mota cikin dare ɗaya. Ni a ganina abu biyu ne zasu yanke maka hukunci, irin sanyin garinku da kuma girman hanyar da zaka share.

Shebur dai dole ne ko kana da inji ko baka da shi, saboda matakala da bakin ƙofa inji baya shiga. Ka sayi guda biyu. Ɗaya mai faɗin baki na turawa, ba ɗagawa ake da shi ba, turawa kawai kake har gefe, ɗayan kuma mai zurfi na ɗiba da jefawa, in da hali mai lanƙwasasshen mariƙi don bayanka ya huta. Na roba mai ƙarfe a bakinsa yafi kankare ƙasa da kyau amma yana karce katako, in barandarka ta katako ce ka nemi na roba zalla. Sannan ka ƙara da ƙarfen sare ƙanƙara, mai kama da fartanya miƙaƙƙiya, bashi da tsada. Kuma dan Allah ka share kafin mota ta taka, duk inda taya ta danne dusa wajen ne ke daskarewa ya zama santsi, kuma sai ya kai ka har Maris. In kana da hawan jini ko ciwon zuciya ko shekaru sun ja, kar ka raina aikin nan, jiƙaƙƙiyar dusa nauyi gareta kuma sanyi yana matse jijiyoyin jini, duk shekara ana kai mutane asibiti daga riƙon shebur.

To inji fa? Kala biyu ne babba, a jikin kwali zaka ga an rubuta mai mataki ɗaya ne ko biyu. Mai mataki ɗaya ƙarami ne, fankarsa ta roba ita ke shafar ƙasa ta ɗebo ta wurga, yana share siminti da kwalta tas, amma in dusa ta haura kamar santimita 20 sai ya fara nishi, kuma sam baya dacewa da hanyar tsakuwa don zai ɗebo duwatsu ya harba su gilashin motarka ko tagar maƙwabci. Mai mataki biyu yana da haƙoran ƙarfe da ke tattarowa sai wata fanka a ciki ta wurga nesa, yana tuƙa kansa, kuma shi ne kaɗai ke iya cin tulin nan da motar share titi ke turo maka bakin hanya da asuba, wanda wallahi shi ne mafi wahala a duk aikin don ya haɗu da gishirin titi ya yi tauri. In hanyarka doguwa ce ko tana hawa tudu ko kuna samun dusa mai yawa irin ta Ottawa da Montreal, mai mataki biyu ka saya, Ariens da Toro da Honda duk sunansu ya fita. In gajeriya ce mota ɗaya ko biyu, ƙaramin ya isheka.

Na batir irin EGO da Greenworks sun yi kyau sosai yanzu, ba ƙara, ba jan igiya, uwargida ma zata iya tayarwa da danna maɓalli, illa dai sanyi yana cin batir don haka ka riƙa shigo da shi ɗaki kana caji a ciki. Na fetur kuma halinsa ɗaya da janareto, ka bar mai a ciki tun bazara, lokacin da kake buƙatarsa zai ƙi tashi don kabireta ta toshe. Kar ka taɓa tayar da shi cikin gareji a rufe saboda hayaƙin nan mara wari yana kisa. Kuma in bakin ya toshe, ko ka kashe inji kar ka zura hannu, fankar tana iya juyawa ta cire yatsu, da sanda ake buɗewa.

Gishirin narkar da ƙanƙara shi ne inda mutane suka fi asarar kuɗi. Gishirin dutse na gama gari, wato sodiyam kuloraid, shi yafi arha, amma da sanyi ya wuce kamar digiri 9 ko 10 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius aikinsa ya ragu ƙwarai, sai kaga mutum a Winnipeg ko Edmonton cikin Janairu yana ta zuba buhu guda ƙanƙara ko gezau. A irin wannan sanyin kalsiyam kuloraid ne ke aiki, yana kaiwa wajen digiri 30 ƙasa da sifili don shi zafi yake fitarwa in ya taɓa ruwa, sai dai yafi tsada kuma yana jan danshi, in baka rufe bokitin ba zai dunƙule. Magnesiyam kuloraid yana tsakani, kuma ya ɗan fi sauƙi ga ciyawa. Ka juya buhun ka karanta abin da ke ciki, saboda da yawa masu launin shuɗi da kore gishirin gama gari ne aka ɗan gauraya aka ƙara kuɗi. In sanyi ya kai maƙura, yashi kawai ka watsa, baya narkar da komai amma ƙafa zata kama ƙasa. In kuma simintin hanyar bai shekara da zubawa ba kar ka sa masa gishiri ko kaɗan, zai ɓare samansa. Hukumar kula da gurɓatar muhalli ta Minnesota tana cewa babban kofin shayi ɗaya na gishiri ya ishi hanya mai tsawon ƙafa 20, kuma ƙaramin cokali ɗaya na gishiri yana gurɓata galan 5 na ruwa, to kaga ba'a buƙatar mayar da ƙofar gida fari fat.

Mai fita aiki da asuba ko mai aikin dare, kwangila ma zaɓi ce, a Montreal gidaje da yawa haka suke yi, tarakta ta zo ta share duk lokacin sanyi. Kafin ka sa hannu ka tambaya daga santimita nawa suke zuwa, ko zasu dawo bayan motar titi ta wuce, ko matakala da gishiri suna ciki. Sannan ka duba dokar garinku, a Calgary da Minneapolis awa 24 aka baka ka share hanyar masu tafiya a ƙasa ta gaban gida bayan dusa ta tsaya, in ba haka ba hukumar gari ta share ta turo maka bil. Ɗan haya kuma ya duba takardar haya ya ga shi ne zai share ko mai gida, tun kafin ya sayi komai.