Tagwaye ne ko mace ɗaya? Fassara biyu a wasan Her Story

A wasan kwamfuta na Her Story, wanda Sam Barlow ya fitar a 2015, aikinka kawai binciken guntayen bidiyon hirarraki bakwai da 'yan sanda suka yi da Hannah Smith a 1994, bayan ɓatan mijinta Simon. Ka rubuta kalma, kwamfuta ta nuna maka bidiyon da aka faɗi kalmar a ciki, amma ba fiye da biyar ba. Har yau masu wasan sun rabu gida biyu.

Ɓangare na farko na cewa mata biyu ne a bidiyon, tagwaye: Hannah da Eve, wadda ungozoma ta sace ranar haihuwa, daga baya Eve ta zauna a ɓoye a ɗakin da ke ƙarƙashin rufin gidan iyayensu. Hujjarsu a jiki take. Rauni ya fito a fuska a wata hira, a ta gaba ya ɓace. Zanen tuffa da maciji a hannu, wata rana akwai, wata rana babu. Ga kuma tafiyar Glasgow a daren da aka kashe Simon, wadda suke ganin ɗaya ce ta yi ta yayin da ɗayar ke gida.

Ɗaya ɓangaren na ganin mace ɗaya ce mai hali biyu. Ta yaya yarinya za ta shekara da shekaru a cikin gida iyaye ba su sani ba? Labarin ya fi kama da tatsuniya, kuma ba a taɓa ganin su tare ba.

Ni dai tagwayen na ɗauka, duk da ɓuyan nan yana da wuyar haɗiyewa. Ruɗanin ƙwaƙwalwa zai iya sauya murya da suna, amma ba ya goge zane daga fata.