Homar da na mayar ɗakin kwana: gaskiyata kan garejin da suka min aikin

Duk inda na faka motar nan sai an taru ana leƙe, ran Juma'a a PZ nan Zariya wani har cewa yayi in buɗe masa ya gani ko gaskiya ne akwai gado a ciki, kuma tambayar kowa ɗaya ce, a ina aka maka kuma aikin nasu yayi? To bari in faɗa sau ɗaya in huta. Sunan garejin dai bazan kama ba, yana nan ɓangaren Sabon Gari, saboda akwai yabo akwai kuma ƙorafi, bana so a ce na ɓata wa bawan Allah kasuwa.

Ni harkar hatsi nake, masara da waken suya, kullum ina hanyar Giwa, Makarfi, Soba, Saminaka, wani lokacin har gaba, kuma na gaji da kwanan benci da ɗakunan haya masu kuɗin cizo. Nan ne na fara kallon bidiyon motocin nan na Turawa masu gida a ciki, gado, kicin, bayi, har wurin wanka, na kusan shekara ina kallo cikin dare har uwargida ta fara cewa Abban Ummi wai kai kishiya zaka min da mota ne. Da farko wallahi niyyata in sa a kawo min ta asali daga waje. Wani dillali ya turo min wata daga Ingila fes da ita, farashi kuma da sauƙi har na fara murna, sai da na ƙara duba hoton naga sitiyarin a dama yake. Mu kuwa tun 1972 muka koma bin hannun dama a titi, sitiyarinmu a hagu, kuma doka bata yarda da mai sitiyarin dama ba, sai dai a juya shi, ni kuma juyayyen sitiyari bana sha'awarsa ko a ƙaramar mota balle wadda zan kwana a ciki. Na Amurka kuma irin su Winnebago ƙatti ne, wutar cikinsu ta 120 ce mu kuma 230 muke, ga shan mai, tun da aka cire tallafi a 2023 waye zai ɗauko wa kansa wannan. Yawancin na Turai a kan Fiat Ducato ake gina su, injin dizal, sababbin cikinsu har wani ruwa ake zuba musu AdBlue ga matatar hayaƙi mai toshewa. Na kai maganar wajen bakanikena, dattijo ne tun motar babanmu shi ke dubawa, ya saurare ni tsaf sannan yace "Alhaji in ta mutu maka a Anchau wa zai taɓa ta?" Shikenan magana ta ƙare. Yace nemi Homa, ko yaron gareji a ƙauye ya san cikinta, kayan gyaranta kuma ko a nan Sabon Gari ka samu ba sai an aika Legas ba.

Haka akai, Toyota Hiace mai dogon bodi mai tudun rufi, injin fetur 2.7, tankinta lita 70. Bata taɓa yin haya ba, wannan na tabbatar kafin in biya, don wadda ta sha lodi tsakanin Kwangila da Kano ko kyauta aka baka wahala ce. Abu ɗaya da zan ja kunnen kowa, takardun kwastan. Tun farkon 2017 aka hana shigo da mota ta iyakar ƙasa, don haka duk wanda yace maka 'yar Kwatano ce ka natsu ka duba takarda, ka haɗa lambar shasi da ke jikin mota da wadda ke rubuce harafi da harafi. Mu sai da muka bar mota biyu saboda wannan, ɗaya lamba guda ce kawai ta bambanta dillalin yana ta rantsuwa wai kuskuren mai bugawa ne.

Yanzu garejin. Maigidan wajen asalinsa mai walda ne, yana da kafinta da suke aiki tare da wani yaro mai haɗa wayar wuta. Ranar farko ya burge ni, bai ce min komai zai yiwu ba kamar yadda aka saba. Na zo da dogon buri, ina so a sa bayi da wurin wanka da tankin ruwa ƙato a saman rufi kamar na bidiyo, ya zagaya motar ya buga bodin da hannu yace "Alhaji ruwa nauyi gareshi, lita ɗaya kilo ɗaya, ka ɗora shi a sama ranar da ka sha kwana da gudu a hanyar Pambeguwa zaka tuna da ni." Ya sa tankin a ƙasa kusa da tayoyin baya, bayin kuma yace in manta, wari zai kore ni daga motar a watan Afrilu. A lokacin naji haushi, yanzu kam ina sa masa albarka.

Aikin ƙarfe da katako ban da abin cewa. Sun cire kujerun baya duka suka bar layi ɗaya, suka yi firam na ƙarfe suka ɗaure shi da noti a ramukan da kujerun suka bari, basu huda ƙasan motar ba ko ɗaya, in na ga dama gobe in mayar da kujeru in sayar da ita a matsayin bas. Gadon naɗewa yake ya zama benci da rana, ƙarƙashinsa akwatuna uku, ɗaya ma'auni da buhunan samfur, ɗaya kayan sawa, ɗaya kayan shayi. Tsakanin bodi da filawud sun cusa soso mai kauri, kuma wannan ba ƙaramin abu bane, wanda ya san sanyin Zariya a watan Janairu ya san ƙarfe da asuba kamar ƙanƙara yake, na kwana a ciki lokacin hunturu da bargo ɗaya lafiya lau. Kafintan har wani ɗan lungu ya min a bakin ƙofa daidai buta da darduma ban ma roƙa ba, ga raga a tagogi saboda sauro. Na bi ramukan hanyar Jos da ita babu abinda ke ƙara ko girgiza, ko cokali. Tsayuwa dai ba'a yi sosai a ciki sai ka ɗan rankwafa, wannan ba laifinsu bane haka rufin yake.

Inda muka ɓata kuwa biyu ne. Na farko alƙawari. Sati shida aka ce min, na bada kafin alƙalami fiye da rabi, motar nan sai da ta yi wata huɗu. Yau kafinta ya tafi biki, gobe ba wuta, jibi an kawo aikin ƙofofin wani gida na gaggawa, naje wata rana na tarar yaran gareji sun mai da gadon nawa wurin baccin rana har da kwanon tuwo a gefe. Na biyu kuma shine mai zafin, wuta. Yaron nan ya iya wayar mota amma sola ba fanninsa bane kuma bai faɗa ba. Ya jawo siririyar waya daga batir zuwa inbata, babu fiyus ko ɗaya a tsakani, sannan ya kafa inbatar a akwati ɗaya da tukunyar gas ɗin girki. Ni ban san komai ba, ina ta murna fanka na juyawa firji na sanyi. Sai wani ƙanen matata da ke harkar sola a Samaru ya leƙa, ya taɓa wayar yaji ta ɗau zafi, ya buɗe akwatin ya ga gas, ya dafe kai yace "Yaya kai da wannan kake kwana?" Ranar ya kwance komai, ya sa waya mai kauri da fiyus dab da batir, tukunyar gas aka mata nata akwatin daban mai huji ta ƙasa, don gas in ya zubo ƙasa yake kwantawa. Kuɗin da na sake kashewa a nan ya min ciwo.

Sai kuma rufi. Tafiyar farko mai nisa muka yi da iyali zuwa Yankari cikin watan Agusta, yara na ta ɗokin ruwan Wikki, muka yada zango gidan wani abokina a Bauchi, su Ummi da mamansu suka shiga ciki ni nace a mota zan kwana in gwada kayana. Wajen ƙarfe biyu ruwa ya sauko, ina cikin bacci naji ɗis a kunne, na gyara kwanciya naji ɗis a wuya, na haska fitilar waya sai ga ruwa na bin notin da suka ɗaure faifan sola da shi yana sauka daidai kan filo. Huji huɗu sukai a rufin babu wanda aka toshe da gam. Da kwanon shayi na tare har asuba. Da na dawo na kai wa maigidan garejin, gaskiya bai yi musu ba, yace "Alhaji laifinmu ne", ya hau da kansa ya kwance ya goge tsatsar da ta fara ya sa roba da gam, bai karɓi ko sisi ba, kuma damina ta ƙare bata sake ɗiga ba. Wannan ne yasa har yanzu muke gaisawa.

Wani abin da ba wanda ya gaya min, shingen hanya. Labule kawai na sa ban yi baƙin gilashi ba don bana son rigimar takardar izini, amma duk da haka ana buɗe ƙofa aka ga gado sai tambaya ta tashi, wani ɗan sanda kafin Saminaka cewa yayi "Alhaji motar asibiti ce?" Kuma dan Allah kar wani ya ɗauka irin na Turawa ne ka faka a jeji ka kunna wuta kana kallon taurari, a halin da ake ciki ni gidan mai mai maigadi nake kwana ko ƙofar gidan wanda na sani a gari, magariba bata same ni a hanya.

In maki zan basu, walda da kafinta tara cikin goma, cika alƙawari uku, wuta kam sifili. Wanda zai kai musu ya kai, amma ya zo da mai solarsa daban, a rubuta ranar karɓar mota a takarda, kuma kar ya biya ciko sai an watsa wa rufin ruwa da tiyo yana zaune a ciki. Ni ma bayan girbi zan koma, rumfa nake so su min a gefe mai naɗewa saboda ranar kasuwa, maigidan yace sati biyu, na ce masa to Allah ya kaimu azumi.