Yawon Vesta a Roma: na biya Yuro 60, an sallame ni da kyandir mai batir

Tunda na dawo daga Italiya mutane ke ta tambayata wai wane yawo ne muka shiga a Roma da aka ganni tsakiyar turawa masu fararen riguna, kuma ya ci kuɗinsa ko bai ci ba, to bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji in huta.

Ƙanwata ce da ke karatu a can ta gano abin a intanet, ta ce Yaya ga wani yawo na awa uku a tsohon dandalin Rumawa, mata zalla, kan tarihin Vesta, allahiyar murhu ta Rumawan da, da matan da ke tsaron wutarta. Ni dai jin mata zalla ne ya ja ni, na ce biya mana. Yuro 60 kowace mace. Sai da muka isa bakin ƙofa aka ce ai tikitin shiga daban ne, ƙarin Yuro 18, wai an rubuta a ƙasan shafin, e an rubuta kam amma da rubutu kamar ƙafar tururuwa. Wannan shi ne ƙorafina na farko kuma har yau yana min ciwo in na juya kuɗin zuwa naira.

Mun haɗu ƙarfe tara a bakin tashar jirgin ƙasa ta Colosseo, mu goma sha ɗaya, yawanci Amurkawa, watan Yuni ne rana tun da safe ta fara nuna hali. Jagorar tamu ma Ba'amurkiya ce da ta daɗe a Roma, mace mai fara'a, ba ta sauri ba ta tsawa, kuma gaskiya ta san hanya, ta bi da mu inda babu cunkoso. Ta ce da gangan suke sa yawon a wannan makon saboda daga 7 zuwa 15 ga Yuni ne Rumawan da ke bikin Vestalia. A nan na fara lura matan nan ba tarihi kaɗai ya kawo su ba, wata har da sarƙa mai alamar harshen wuta a wuya, suna ta kiran Vesta kamar wata gwaggonsu. Ashe akwai jama'a guda a Amurka da Turai, yawanci mata, da suka koma raya bautar alloli mata na zamanin da, kowa ta zaɓi tata, ni kuma ƙanwata ta jefa ni tsakiyarsu da hijabina.

Ɗakin bautar Vesta kansa kada ki sa rai da yawa. 'Yan ginshiƙai ne da guntun bango mai lanƙwasa, su ma wajen 1930 aka tattara ɓaraguzai aka sake tsayar da su, ragowar ginin da Julia Domna matar sarki Septimius Severus ta gyara bayan gobarar shekara ta 191. In ba a nuna miki ba wucewa za ki yi. Amma bayanin da ta yi a wurin shi ne abin da ya fi min daɗi a duk yawon. Ta ce ginin zagayayye ne kamar bukkokin mutanen farko na garin, kuma a ciki babu gunki ko ɗaya, wuta ce kawai ke ci, ita ce Vestar. Wato murhun gari ne sukutum, kowane gida da murhunsa, gari ma da nasa, kuma sun yi imani ranar da ya mutu to masifa na tafe wa Roma. Wasu masana na ganin asalin abin tun lokacin da kunna wuta ke da wuya ne, dole a samu gida ɗaya da ba ta mutuwa. Wallahi tana faɗa sai na tuno gidan kakata a ƙauye, yadda ake aikenmu da sassafe da fasasshen kasko mu ɗebo wuta a maƙwabta, kana tafe kana hurawa kar garwashin ya mutu a hanya, kuma kowa ya san gidan tsohuwar da kullum akwai wuta binne a tokarta. Ban taɓa zaton zan fahimci Rumawa ta wannan ƙofar ba.

Daga nan muka shiga gidan matan, yana manne da ɗakin bautar, kuma shi kam ya burge ni, doguwar farfajiya da tafkunan ruwa a tsakiya da furanni, ga mutum-mutumin shugabanninsu jere, da yawa ba kai. Su shida ne a lokaci guda. Ana ɗauko yarinya tana tsakanin shekara 6 zuwa 10 daga gidan manya, ta yi shekara 30, goma tana koyo goma tana aiki goma tana koyarwa, ba aure ba namiji, in ta gama tana iya fita ta yi aure in ta ga dama. A madadin haka suna da gatan da sauran matan Roma ba su da shi, suna juya dukiyarsu da kansu ba waliyyi, suna rubuta wasiyya, manyan gari har su Julius Caesar da Augustus wurinsu suka ajiye tasu wasiyyar, suna da wurin zama na musamman a filin wasa, dogari na tafe gabansu, in aka fito da wanda za a kashe ya ci karo da ɗayarsu a hanya ba da shiri ba to ya tsira. Akwai wani dutse da ta nuna mana na shekara ta 364, an rubuta yabon wata shugabarsu amma an kankare sunan, harafin C kawai ya rage, ana zaton Kirista ta koma shi ya sa aka goge ta. Na daɗe tsaye gaban dutsen nan.

To a nan ne muka fara raba hanya da jagora. Ta ce wai kalmar budurwa a wurinsu ba irin wadda muka sani ba ce, wai tana nufin macen da ta mallaki kanta, cikakkiya ba ta jingina da kowa ba, matan nan sai gyaɗa kai suke wata har da hawaye. Ƙanwata da ba ta iya shiru ta ɗaga hannu ta ce to wadda aka kama da namiji fa, me ake mata? Sai matar ta yi murmushi ta ce ba ma son kawo wannan nauyin cikin da'irarmu yau. Haba baiwar Allah. Kin karɓi kuɗin tarihi ai sai ki ba da shi da ƙashinsa. Abin da ake yi shi ne a binne ta da rai, a wani fili kusa da ƙofar gari da ake kira Porta Collina, a haƙa ɗaki a ƙarƙashin ƙasa a sa gado da fitila da ɗan burodi da ruwa da madara da mai, wai don kar a ce an kashe ta da yunwa, a saukar da ita a janye tsani a rufe. Sarki Domitian ya yi wa shugabarsu Cornelia haka. In kuwa wuta ta mutu a hannunki bulala ce daga babban limaminsu. Har labarin Tuccia suna da shi, wadda aka yi wa ƙazafi ta ɗebo ruwa daga kogin Tiber a rariya don ta wanke kanta, ki duba fa, sai da mace ta ɗebi ruwa a rariya kafin a yarda da ita. Yarinya 'yar shekara shida da aka ɗauke daga gaban uwarta ba ita ta zaɓa ba, ban ga ta inda ta mallaki kanta ba, gari ne ya mallake ta, ya biya ta da gata ya kuma riƙe shebur a ɗaya hannun. Duk wannan ƙanwata ce ta ba ni a hanyar komawa, ba wadda muka biya ba.

Awa ta uku muka hau tudun Palatino muka samu inuwa muka zauna, sai jagorar ta buɗe jaka ta fara raba takardu, kowa da tata da sunanta, zane zagayayye da alamomi irin na masu duban taurari. Ashe lokacin biyan kuɗi an tambayi rana da wuri da lokacin haihuwa, ƙanwata ta cike min ba ta faɗa min ba, wurin lokaci kuma ta sa sha biyun rana don ta ga dole a cike. Ni da aka haifa a ɗaki, iyakar abin da Inna ke cewa shi ne ana tsakiyar damina bayan la'asar. Kafin in buɗe baki jagorar ta fara, wai Vesta ɗina tana burujin Sumbula a gida na shida na zanen, wai ni mace ce mai ba da kanta ga aiki har ta manta da kanta. Na ce mata ta yi haƙuri ta tsaya nan, addinina bai yarda da duba ba, na ninke takardar na miƙa mata. Kuma in faɗi gaskiya ba ta ji haushi ba, ta ba ni haƙuri ta wuce ta gaba, ba ta sake matsa min ba, wannan na yaba mata. Amma a raina na ce wace uwar 'ya'ya huɗu ce za a gaya wa haka ta ce ƙarya ne? Na saurari na sauran kuma duk kusan miya ɗaya ce aka canza mata kwano, ke kina da tsarkin niyya, ke kina buƙatar keɓewa, ke wutarki ta ciki ta yi sanyi ki hura ta.

Abin da ya fi ɗaure min kai, Vestar da suke dubawa a takardar ba ma tauraro ba ce, wani ƙaton dutse ne da ke yawo tsakanin duniyar Mas da ta Jufita, faɗinsa wajen kilomita 525, yana zagaye rana a shekara uku da 'yan watanni. Wani likita Bajamushe Heinrich Olbers ne ya hango shi daga garin Bremen ranar 29 ga Maris 1807, ya bar wa masanin lissafi Gauss ya raɗa masa suna, shi kuma ya ce Vesta. Matan da suka tsare wutar nan ba su taɓa sanin akwai shi ba, an kashe wutar tun ƙarshen ƙarni na huɗu, sarki Gratian ya yanke musu kuɗin gwamnati a 382, Theodosius ya zo ya hana bautar gaba ɗaya. Masu duban taurari ma sai a 1973 da wata Ba'amurkiya Eleanor Bach ta fitar da jadawalin tafiyar duwatsu huɗu, Ceres da Pallas da Juno da Vesta, sannan abin ya bazu, dama suna ƙorafin taurarin duba kusan duk sunan maza ne. To da Gauss ya tashi da wani sunan a ka ranar nan fa, da halina ya canza kenan? Na tambayi jagorar haka cikin raha, ta ce ai babu abin da ke faruwa bisa katari. To. Ita ce dai ta ba mu labarin kumbon Dawn na hukumar NASA da ya zagaye dutsen daga 2011 zuwa 2012, da ƙaton ramin da ke kudancinsa da aka sa wa Rheasilvia, sunan uwar Romulus da Remus, tagwayen labarin kafuwar Roma, wadda a tatsuniyarsu ita ma mai tsaron wuta ce, kuma wannan ɓangaren da ta ƙara minti goma a kai da ban ƙi ba.

Rufewar ce ta kusa sa ni dariya a bainar jama'a. Ta ce kowa ta kunna wutarta ta ciki, ta raba mana 'yan ƙananan kyandirori, ashe na roba ne masu batir, wai ba a barin kunna wuta a wurin. Mutanen da duk 1 ga Maris sai sun murza itace da itace sun sabunta wutarsu, yau ga magadansu suna danna maɓalli da farce. Ni da ƙanwata muka koma gefe muna cin burodin da ta raba, shi kam mai daɗi, ta ce tunawa ne da 9 ga Yuni ranar da masu niƙa da masu gashin burodi ke hutu, a yi wa jakunan niƙa ado da furanni a rataya musu burodi a wuya. Jaki da ranar hutunsa, wannan ya min.

In za ki je, sa takalmi mara tsini don duwatsun ƙasan ba su da mutunci, ki riƙe gora akwai famfunan ruwan sha kyauta, ki ɗauki lema don inuwa ta yi ƙaranci. Kuma kar direban tasi ya kai ki wancan zagayayyen ginin na bakin kogi ya ce shi ne na Vesta, an daɗe ana kiransa haka bisa kuskure, na Hercules ne, ya fi kyau a hoto dai. Ga Musulma ko Kiristar da ba ta son harkar duba, ki tambaya tun kafin ki biya me ke cikin awa ta uku, don a tallar ba su fito da shi fili ba, ko ki sayi tikitin Yuro 18 ɗin ki nemi jagoran tarihi zalla. Awa biyun farko na ba su huɗu cikin biyar, da ba ta ɓoye maganar binnewar ba da biyar ne, ta ƙarshe kuwa ɗaya, shi ma don burodin.

Kyandirin na taho da shi gida, autana ya ƙwace, duk daren da aka ɗauke wuta shi yake kunnawa ya shiga banɗaki da shi. Kwana tara ya yi batirin ya mutu.