Gefen direba ɗumi, gefen fasinja sanyi: gas ne ko akcuweta?

Ɗan'uwa mai Camry 2010, ka ce AC ɗinka na AUTO yana sanyaya gefen fasinja, naka gefen kuma sai iska mai ɗumi. Wani mai gyara ya ce a ɗura gas, wani ya ce a sauya akcuweta, wato ɗan injin da ke daidaita zafi da sanyin iskar. Kowanne daga cikinsu na iya jawo haka, amma alamunsu sun sha bamban.

Ƙarancin gas sannu a hankali yake zuwa. Sanyin ya yi ta raguwa mako bayan mako, da safe da sauƙi, da rana tsaka ko cikin cunkoso abin ya ta'azzara. Dalili kuwa, ɗan gas ɗin da ya rage ba ya isa ya sanyaya ibaporeta, wato abin da iska ke ratsawa a cikin dashbod ta yi sanyi, gaba ɗaya, sai ɓangare guda ya yi sanyi, ɗayan ya tashi a banza. Buɗe bonet AC na aiki, ka taɓa bututu mai kauri da ke komawa kwamfireso, injin da ke matsa gas ɗin. Lafiyayye za ka ji shi da sanyi har yana gumi.

Akcuweta kuwa ɗan injin lantarki ne a bayan dashbod, shi ke juya ƙofar da ke haɗa iskar sanyi da ta hita. Shi rana ɗaya yake tsayawa. Sau da yawa za ka ji ƙas-ƙas-ƙas a dashbod in ka kunna mota, haƙoran robarsa ne suka cinye. Iskar gefen da ya maƙale ba ruwanta da safe ko rana, wani lokaci ma zafin hita ne sosai. Ka murɗa maɓallin zafi da sanyi na gefen direba daga LO (ƙarshen sanyi) zuwa HI (ƙarshen zafi): in iskar ba ta sauya ba, ƙofar ba ta motsi. In ta ƙara zafi sannan ta dawo ɗumi da ka mayar LO, ƙofar lafiya take, koma kan gas.

Yawancin motocin Toyota masu AUTO suna faɗin ciwonsu da kansu. Danne maɓallin AUTO da na juya iskar ciki tare, sannan ka kunna makulli, lambar matsalar za ta fito a allon AC. Lamba 41 ta akcuwetan haɗa iska na gefen fasinja ce, 46 ta na gefen direba, 23 matsin gas, 11 sensan cikin mota. In 21 ta fito alhali motar na inuwa kada ka damu, sensan rana ne bai ga haske ba.

Abin da ba na so a yi maka shi ne ɗurin gas da ka, ba geji ba sikeli. Gas ba ya ƙarewa kamar fetur, in ya ragu to akwai yoyo, sai an nemo shi an toshe. Bayan nan a zuƙe iskar ciki da famfo, a auna gas ɗin, wato R134a, daidai giram ɗin da ke rubuce a takardar ƙarƙashin bonet. In ya yi yawa matsi ya hau, sanyi ya ragu, kwamfireso ya wahala, shi kuwa ya fi akcuweta tsada nesa ba kusa ba.