Sanyaya Madabod da Ruwa: Inda Ya Kamata Kuɗin Mai Saye Ya Tafi

Duk wanda ya yanke shawarar haɗa wa kwamfutarsa tsarin sanyayawa na ruwa da hannunsa, wato ya sayi famfo da tanki da lagireto da tiyo daban-daban ya jona su da kansa, yakan fara cin karo da tambaya guda: shin ruwan zai tsaya a kan furosesa kaɗai, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ko kuwa zai ratsa ta kan madabod ma, wato babban allon da sauran sassan kwamfuta ke hawa? Ya kamata a warware wannan tambaya kafin a biya ko sisi, domin amsarta ce ke nuna irin allon da za a saya da kuma abin da zai rage a aljihu na sauran kayan.

Abin da ke zafi a jikin madabod sanannen abu ne. A gefen soket, wato mazaunin furosesa, akwai jerin ƙananan na'urori da ake kira VRM, waɗanda aikinsu shi ne karɓar wuta mai ƙarfin bolt 12 su mayar da ita bolt ɗaya da 'yan kai, gwargwadon abin da furosesa ke iya ɗauka. Furosesa irin Core i9-13900K na Intel kan ja wat 253 idan aiki ya yi nauyi, Ryzen 9 7950X na AMD kuma kan kai wat 230, kuma dukan wannan wuta sai ta bi ta cikin waɗancan na'urori. A da, fankar da ke bisa furosesa takan hura musu iska ko da ba a yi niyya ba. Da zarar an cire ta an ɗora bulok ɗin ruwa, wato farantin ƙarfen da ruwa ke ratsawa ya kwashi zafi, iskar nan ta ɗauke, shi ya sa maganar sanyaya allon ke tasowa tun asali.

Hanyoyi uku ne a gaban mai saye. Ta farko ita ce bulok na furosesa zalla, irin su Heatkiller IV na kamfanin Watercool na Jamus ko Quantum Velocity na kamfanin EK na ƙasar Sulobeniya, a bar VRM da ƙarafan sanyayawa da allon ya zo da su. Ta biyu ita ce monobulok, wato faranti guda babba da ke rufe furosesa da VRM a tare. Ta uku ita ce allon da aka ƙera da hanyar ruwa tun daga masana'anta, kamar jerin Maximus Formula na ASUS, ko Aorus Xtreme Waterforce na Gigabyte, ko X570 Aqua da ASRock ya fitar a 2019, wanda guda 999 kacal aka yi.

A ganina, mutum tara cikin goma hanya ta farko ce ta dace da su. Allunan zamani masu matsakaicin farashi zuwa sama suna zuwa da VRM mai yalwa da ƙarafa masu kauri, kuma na'urorin an yi su ne don jure zafin da ya haura digiri 100, saboda haka fanka ɗaya mai turo iska ta bisa ko ta bayan akwatin kwamfutar ta wadatar da su. Babban aibin monobulok kuwa shi ne, an yanka shi daidai da allo guda tak. Ranar da aka sauya allo, ko da na kamfani ɗaya ne kuma soket ɗaya, farantin ya zama kayan ajiya. Bulok na furosesa zalla yana bin soket ne, kuma soket kan daɗe: wanda aka saya don soket ɗin Intel LGA1700 na 2021 yana hawa LGA1851 na 2024, da yawa daga cikin na soket ɗin AMD AM4 kuma sun hau AM5 ba tare da an canza komai ba. Akwai kuma wani abin lura, cewa farantin da zai zauna a wurare biyu masu bambancin tudu ya fi wuyar mannuwa daram a kan furosesa, don haka ba mamaki a ga VRM ya yi sanyi ƙalau amma furosesa ya ɗan ƙara zafi. Monobulok yana da ma'ana ga mai tura furosesa fiye da ƙa'idarsa na sa'o'i masu yawa, ko mai ƙaramin akwati da iska ba ta zagayawa a ciki, ko wanda kyan gani ne burinsa kuma ya san hakan yake saye. Wanda ya zaɓi hanya ta uku kuma, lallai ya tabbatar da irin ƙarfen da aka yi hanyar ruwan allon da shi, saboda dalilin da zai zo a gaba.

Kuɗin da aka tsimi daga monobulok, lagireto ya fi cancanta da shi, kuma a nan ne mai zaune a ƙasa mai zafi ya kamata ya fi natsuwa. Ruwa ba ya kashe zafi, ɗaukarsa kawai yake yi ya kai wa lagireto, lagireto kuma ya miƙa shi ga iskar ɗaki. Saboda haka ruwan ba zai taɓa fin iskar ɗakin sanyi ba. Alƙaluman da masu gwaji a Turai da Amurka ke wallafawa galibi an ɗauke su ne a ɗakin da bai wuce digiri 20 zuwa 25 ba, alhali ɗaki marar na'urar sanyaya iska a Kano ko Sakkwato ko Yamai cikin watan Afrilu yakan haura digiri 35. Idan tsarin yana riƙe ruwa a digiri 10 sama da iskar ɗaki, wanda ake ɗauka kyakkyawan tsari ne, to ruwan ya riga ya kai 45 ke nan, kuma masu ƙera famfo sukan sa iyaka a digiri 60. Tazarar ba ta da yawa, kuma faɗin lagireto ne ke kare ta.

Ana auna lagireto da girman fankokinsa: 240 da 360 da 480, wato gurbin fanka biyu da uku da huɗu, ga fankoki masu milimita 120, sai 280 da 420 ga masu milimita 140. Lissafin da aka saba yi shi ne kimanin wat 100 ga kowane gurbin fanka guda idan ana son kwamfuta marar ƙara. Wanda zai haɗa furosesa mai wat 253 da katin hoto irin RTX 4090 mai wat 450 yana da kimanin wat 700 da zai fitar, wato gurbin fanka bakwai, don haka lagireto ɗaya mai 360 da ɗaya mai 480 shi ne mafi ƙarancin abin da zai nema. Tsakanin faɗi da kauri kuwa, faɗi ya fi biya. Lagireto mai kaurin milimita 60 ba ya yin aikin guda biyu masu 30, domin iskar da ta isa rabi na biyu ta riga ta ɗumama, kuma sai da fanka mai ƙarfi take ratsa shi. Haka nan a dubi yawan haƙoran da ke tsakanin bututunsa, wato siraran ƙarafan da iska ke ratsawa: masu matsattsun haƙora sun fi sanyayawa idan fanka na gudu sosai, amma sun fi saurin toshewa, abin da duk wanda ya ga ƙurar hunturu a cikin kwamfuta zai fahimta. Siriri mai sakakkun haƙora, da rariyar tace ƙura a gabansa, ya fi sauƙin kulawa. Kafin saye a auna akwatin da kyau, domin lagireton sama yakan yi karo da ƙarafan VRM ko dogayen RAM.

Famfo iri biyu ne suka mamaye kasuwa, D5 da DDC, dukansu asalinsu ƙirar kamfanin Laing ne, sauran kamfanoni suna sa musu riga da suna. D5 ya fi girma, yana tura har lita 1,500 a awa, ruwan da yake turawa shi ke sanyaya shi, kuma ya fi shiru. DDC ƙarami ne, ya fi ƙarfin matsi, amma yana zubar da zafinsa ta ƙasa, don haka yana buƙatar ƙarfen sanyayawa da iska. In akwai wuri, D5 za a ɗauka, DDC kuma na matsattsen akwati ne. A sayi wanda aka haɗe da tanki, domin ƙa'ida guda da ba a karyawa ita ce ruwa ya gangaro daga tanki zuwa famfo, tunda famfon da ya juya a bushe yakan lalace cikin ɗan lokaci. Jerin sauran kayan bai da wani tasiri, saboda zafin ruwan kusan ɗaya ne a ko'ina cikin zagayen.

Batun ƙarfe ba ya ɗaukar sassauci. Jan ƙarfe da tagulla da nikel suna zama lafiya a ruwa ɗaya, amma idan alminiyam ya shiga cikinsu, ruwan kan zama kamar ruwan batir a tsakaninsu, alminiyam ya riƙa cinyewa, dattinsa ya toshe siraran hanyoyin bulok, daga ƙarshe ya huje. Lagireto mai araha ƙwarai sau da yawa na alminiyam ne, kuma fenti ba ya nuna abin da ke ciki, sai an karanta bayanin mai ƙerawa. Ruwan da za a zuba kuma ko dai haɗaɗɗe mai garai-garai irin DP Ultra na Aqua Computer ko CryoFuel na EK, ko tataccen ruwan da aka samo ta tururi a ƙara masa maganin tsatsa da na gansakuka. Ruwan leda da na rijiyar burtsatse suna ɗauke da gishirin ƙasa da ke daskarewa a cikin bulok, wanda zai saya a wurin masu batir kuma ya tabbatar ba mai asid aka ba shi ba. Ruwa mai kauri mai launin madara yana da kyau a hoto, amma ƙwayoyinsa sukan kwanta su toshe hanya.

A wajen tiyo, mai farawa ya ɗauki mai laushi. Baƙin roba na EPDM ya fi daɗewa, domin ba ya sakin sinadarin da ke sa tiyon PVC ya yi hazo ya bar farin datti. Cikin bututu masu tauri, PETG ya fi sauƙin lanƙwasawa amma yana yin laushi idan ruwa ya ɗumama sosai har ya iya zamewa daga mahaɗinsa, abin da ya sa ban ga dacewarsa da ɗaki mai zafi ba. Akirilik ya fi jure zafi, sai dai yana tsagewa idan an matsa masa ko an goge shi da sifirit. Bakin mahaɗai kusan duka ma'auni ɗaya ne, G1/4, amma ɗaya ɓangaren dole ya dace da tiyon ciki da waje: mahaɗin 10/13, wato milimita 10 a ciki da 13 a waje, ba zai kama tiyon 10/16 ba. Kowane bulok da lagireto da tanki na cin mahaɗi biyu, kuma tunda yawancin kayan nan daga waje ake odarsu, gara a ƙara biyu ko uku a kan lissafi da a zauna makonni ana jiran guda ɗaya.

Ƙananan abubuwa uku ne ake yawan mantawa da su a jerin sayayya, alhali tare ba su kai kuɗin monobulok ba. Akwai bawul na zubar da ruwa da ake sawa a mafi ƙasan zagayen, domin kusan duk shekara sai an sauya ruwa. Akwai ma'aunin zafin ruwa da ake jonawa a allo ko a na'urar sarrafa fankoki, don gudun fanka ya bi zafin ruwa maimakon na furosesa da ke hawa da sauka kowace daƙiƙa. Sai kuma famfon gwajin yoyo, wanda ke cika zagayen da iska zuwa matsin kimanin rabin "bar" a ma'aunin, a zuba wa allurarsa ido na minti 15 kafin ɗigon ruwa ya shiga. Wanda bai samu wannan ba, sai ya cire wuta daga madabod da katin hoto gaba ɗaya, ya kunna famfo shi kaɗai, ya shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashin kowane mahaɗi, ya bar shi ya kwana yana juyawa kafin ya mayar da wayoyin.